Auna Gudun Taurari da Hasken Infared: Wace Na'ura Ɗalibin Sakkwato Zai Ɗora Bincikensa a Kanta?

Wannan rubutu na ɗalibin fiziks ne da ke shirin kundin digiri na biyu, ko aikin shekarar ƙarshe, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, wanda ya ji ana gano duniyoyi a kewayen wasu taurari ta hanyar auna gudunsu, ya leƙa intanet, ya ci karo da sunayen na'urori biyar masu auna wannan gudu: CARMENES, SPIRou, NIRPS, HPF da IRD, ya rasa wanda zai kama. Babu wadda za ka saya a cikinsu, domin kowace an kashe miliyoyin dala ko Yuro wajen ƙera ta, kuma tana can kan dutse a wata ƙasa. Abin da kake zaɓa shi ne bayanan da za ka kwashe shekara ɗaya ko biyu kana fama da su a kwamfutarka.

Abin da ake aunawa

Tauraron da ke da duniya ba ya tsayawa cak. Duniyar na jan sa, sai ya riƙa ɗan matsowa wajenmu yana komawa baya. In ya matso, baƙaƙen layukan da ke cikin bakan haskensa, wato launukan da hasken ke rabuwa zuwa gare su kamar bakan gizo, su ɗan gusa wajen shuɗi. In ya ja baya, su gusa wajen ja. Na'urar tsefe haske ita ke ware hasken daki-daki a ga wannan gusawa. Da haka Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar 51 Pegasi b a 1995, aikin da ya kawo musu kyautar Nobel a 2019. Jupita na kaɗa Rana da gudun mita 12 da ɗoriya a daƙiƙa. Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal take iya kaɗa ta.

Shi ya sa masana suka karkata ga ƙananan jajayen taurari, waɗanda ake kira ajin M. Su suka fi yawa, wajen kashi 70 cikin ɗari na taurarin gungunmu, kuma ba su da nauyi, don haka ƙaramar duniya ma tana girgiza su. Duniyar Proxima b, wadda aka sanar a 2016, tana kewaya tauraronta, Proxima, a kwana 11.2, tana kaɗa shi da abin da ya ɗan haura mita ɗaya a daƙiƙa. Matsalar ita ce waɗannan taurari ba su da zafi sosai, yawancin haskensu yana fita ne a bayan ja, inda idon mutum ba ya gani. Wannan yanki, daga wajen maikuron 0.8 zuwa 2.5 a tsawon igiyar haske (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), shi ake kira infared na kusa.

Ka riƙe girman aikin a ranka: mita ɗaya a daƙiƙa kashi ɗaya ne cikin miliyan 300 na gudun haske. A kan idon na'urar, layin ba ya gusawa ko da kashi ɗaya cikin dubu na ɗigon hoto guda. Ga kuma duniyarmu na gudun kilomita 30 a daƙiƙa a kewayen Rana, wanda sai an cire shi tsaf kafin a ga komai.

Ma'aunan zaɓe

Kuɗi. Bayanan da aka saki kyauta ne, amma sauke su ba kyauta ba ne. Teburin gudu da aka riga aka tace bai wuce 'yan kilobayit ba, ko da waya ka sauke shi. Ɗanyen hoto kuwa wani abu ne dabam: idon SPIRou da na NIRPS na da ɗigo 4096 sau 4096, kusan miliyan 17, hoto ɗaya ya haura megabayit 60, kuma tauraro ɗaya na iya samun ɗaruruwa, ban da hotunan daidaita na'ura. Ka haɗa da kuɗin data, da ma'ajiyar waje, da wutar da za ta riƙe kwamfuta tana lissafi dare guda a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40.

Ƙarko. A nan abu biyu ne: shekara nawa na'urar ta yi tana aiki, da kuma yadda take zaune daram ba ta sauya hali. Duniyar da ke kewaye a kwana 200 ba ta fitowa a bayanan wata shida.

Sauƙi. Akwai teburin da aka gama? Manhajar tacewa a buɗe take? Akwai bayanin yadda ake amfani da ita?

Haɗari. Wannan ya fi komai, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Iskar da ke kanmu cike take da tururin ruwa, da iskar kabon da mitan, kuma a infared suna zana nasu layukan a kan na tauraro, ga wani haske da sararin sama ke fitarwa da kansa da dare. In ba a goge su da kyau ba, sai su haifar da siginar ƙarya mai maimaituwa a shekara guda ko rabinta. Idon infared kuma yana da wani hali: in ya kalli abu mai haske, inuwarsa takan maƙale ta shiga hoto na gaba. Sannan ga shi kansa tauraron, mai tabo da ƙarfin maganaɗisu, wanda juyawarsa kan kwaikwayi duniya.

A nan ne amfanin infared na gaskiya yake. Mutanen Sakkwato sun san ba a tsayar da wata da zato. Sai an tantance shaidu kafin sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi. Infared shaida ne na biyu. Duniya ta gaskiya tana kaɗa tauraro da gudu ɗaya a kowane launi, amma tabo yakan dusashe a infared, domin bambancin haske tsakaninsa da sauran jikin tauraron ya ragu. A 2008 aka ba da sanarwar wata ƙatuwar duniya mai kewaya tauraron TW Hydrae a kwana 3.56. A shekarar dai aka sake duba tauraron da na'urar infared ta CRIRES a Chile, siginar ta kusan ɓacewa: tabo ne. Haka aka yi da tauraron AD Leonis, inda siginar kwana 2.23 ta ƙi bayyana a bayanan SPIRou. Sai dai kada ka ɗauka infared ya wanke komai. Tasirin maganaɗisu kan layuka yana ƙaruwa ne da tsawon igiyar haske, don haka a wasu taurari rikicin sauya kama kawai yake yi.

CARMENES

Tana kan madubin hangen nesa mai faɗin mita 3.5 a Calar Alto, kudancin Sifen, aikin haɗin gwiwar Sifen da Jamus, kuma ta fara bincike a Janairun 2016. Hannu biyu gare ta: ɗaya daga maikuron 0.52 zuwa 0.96, ɗayan daga 0.96 zuwa 1.71, duka suna kallon tauraro a lokaci ɗaya. Ita ta gano duniyoyi biyu a Tauraron Teegarden a 2019, da GJ 3512 b, wadda girmanta ya ba masana mamaki idan aka duba ƙanƙantar tauraronta.

Ta fuskar kuɗi da sauƙi ba ta da na biyu. A 2023 suka saki aikin 2016 zuwa 2020 ga kowa: bakan haske kusan 20,000 na taurari sama da 300, tare da teburan gudu da ma'aunan rikicin kowane tauraro. Manhajarsu, SERVAL, a buɗe take a GitHub. Ɗalibi na iya sauke teburin tauraro ɗaya da hantsi, kafin la'asar ya fitar da jadawalin maimaituwar siginarsa da Python.

Ga inda gizo ke saƙar: daidaiton da ya sa CARMENES ta yi suna, wajen mita ɗaya da ɗan kai a daƙiƙa, na hannun farko ne. Hannun infared ɗin ya fi rauni sosai. Su kansu masu na'urar, a wani nazari da Ansgar Reiners ya jagoranta a 2018, sun nuna cewa ga yawancin taurarin ajin M, layukan da suka fi amfani suna tsakanin maikuron 0.7 da 0.9 ne, kuma sai an je ga mafi sanyin taurari sannan zurfin infared ke fara rinjaye. Wannan sakamako ne da ya kamata kowa ya sani kafin ya rubuta a babi na ɗaya cewa infared ya fi. Amma 0.7 zuwa 0.96 ma ai ya wuce ganin ido, don haka in Malam ya tambaye ka ina infared ɗin, kana da amsa. Haɗarinta ɗaya kuma: mutane da yawa sun riga sun tankaɗe waɗannan bayanai, da wuya ka tsinci sabuwar duniya da ta kuɓuce musu.

SPIRou

Tana kan madubin CFHT mai mita 3.6 a Maunakea, Hawaii, mita 4,200 sama da teku, inda iska ba ta da laima sosai. Ta fara aikin kimiyya a 2019 ƙarƙashin jagorancin Jean-François Donati na Faransa. Ita ta fi ɗaukar faɗin haske, daga wajen maikuron 0.95 har zuwa 2.3 da ɗoriya, kuma ita kaɗai a cikin biyar ɗin ke auna karkatar haske, wato ɓangaren da igiyar hasken ke kaɗawa, wanda da shi ake zana taswirar maganaɗisun tauraro. Ana sanyaya ta zuwa wajen Kelbin 80, wato kusan digiri 193 ƙasa da daskarewar ruwa, ta kuma kai daidaiton kusan mita 2 a daƙiƙa. Da ita aka auna nauyin AU Microscopii b, duniyar wani matashin tauraro mai rikici wanda ke rikita na'urorin hasken gani.

Bayananta na rumbun CADC na Kanada, kuma ana buɗe su bayan wa'adin masu aikin ya ƙare. Akwai manhajar APERO ta tacewa, da LBL ta Étienne Artigau, wadda ke auna gudu layi bayan layi ta watsar da gurɓatattu. Duka a buɗe suke, amma ba na sabon shiga ba ne. Sai kana jin Linux, kana da wurin ajiya mai yawa, kana kuma da haƙuri. A ganina, ɗalibin da wutarsa ta dogara ga ƙaramar sola da batiri ɗaya kada ya fara daga ɗanyen hoto. Ya nemi wanda aka riga aka tace. Haɗarinta shi ne yawan bayanan: gudu, maganaɗisu, zafin tabo, duk a faifai ɗaya, mutum na iya nutsewa bai amsa tambaya ko ɗaya ba.

NIRPS

Ita ce auta. Tana La Silla a Chile, kan madubin ESO, hukumar binciken taurari ta ƙasashen Turai, mai mita 3.6, ta fara aiki a Afrilun 2023, tana ɗaukar maikuron 0.98 zuwa 1.8. Abin da ya fitar da ita dabam shi ne maƙwabciyarta: tana raba hasken tauraro ɗaya da HARPS, tsohuwar na'urar hasken gani da ke wurin tun 2003. Kowane dare shaidu biyu ne a lokaci ɗaya, kuma ɗayansu na da tarihin sama da shekara ashirin. Tana amfani da madubi mai lanƙwasa kansa don gyara rawar iska, daidaitonta kuma ya kusanci mita ɗaya a daƙiƙa.

Rumbun ESO na cikin mafi tsari. Ka yi rajista kyauta, bayanai kan buɗe bayan shekara ɗaya a bisa al'ada, akwai kuma dandalin DACE na Jami'ar Geneva inda ake kallon jadawalin gudu ba tare da an sauke manyan fayiloli ba, abin da ke rage wa mai sayen data nauyi. LBL na aiki da bayananta. Rauninta ƙuruciya ce: shekarunta kaɗan, manhajar tacewa na ci gaba da sauyawa, lambar da ka samu bana na iya ɗan bambanta da ta baɗi, don haka ka rubuta sigar da ka yi amfani da ita. Taurarin kudu take kallo. Proxima, alal misali, daga Sakkwato ba ya tashi sama da wajen digiri 14 daga ƙasa, kuma ido ba ya ganinsa sam.

HPF

Jami'ar Penn State ta ƙera ta ƙarƙashin Suvrath Mahadevan, tana kan madubin Hobby-Eberly mai mita 10 a Texas, Amurka, tun 2018. Ba ta da faɗi, maikuron 0.81 zuwa 1.28 ne, amma da gangan aka zaɓi wurin da layukan suka fi amfani. Wajen zama daram ta yi fice: ana riƙe sanyinta a Kelbin 180, ba ya motsi fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu na digiri, kuma ana daidaita ta da lesa mai jera layuka a tazara ɗaya. A 2019 ta nuna daidaiton mita 1.5 a daƙiƙa kan Tauraron Barnard. A 2023 ta gano LHS 3154 b, duniya mai nauyin duniyarmu sau 13 a kewayen wani ɗan mitsitsin tauraro.

Madubin ba ya ɗaga kai ko sunkuyawa, a kafe yake a digiri 55, sai dai ya juya. Kowane tauraro na shiga idonsa na ɗan lokaci ne a dare, abin da kan bar ramuka masu tsari a bayanai, ramukan kuma kan haifi siginar bogi. Lokacin kallo na jami'o'in da suka haɗa hannu suka gina madubin ne, don haka hanyarka ita ce teburan da aka buga tare da maƙaloli, ko abokin aiki a can.

IRD

Ta Japan ce, kan madubin Subaru mai mita 8.2 a Maunakea, tun 2018, daga wajen maikuron 0.95 zuwa 1.73, ita ma da lesa ake daidaita ta. Girman madubin ya sa tana kai wa ga taurari masu dishi-dishi. Ross 508 b, mai nauyin duniyarmu kusan sau 4, ita ce ganowarta ta farko a 2022. Ɗanyen bayanai na fita a rumbun SMOKA bayan wata 18, amma daga ɗanye zuwa gudun da za a yarda da shi tafiya ce mai nisa, kuma Subaru na raba darare tsakanin na'urori da dama, ba a samun kallo a jere yadda ake so.

| Na'ura | Wuri da madubi | Faɗin haske (maikuron) | Fara aiki | Nauyin aljihu | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| CARMENES | Sifen, mita 3.5 | 0.52–1.71 | 2016 | Kaɗan | Mafi sauƙi | Hannun infared ya fi rauni |
| SPIRou | Hawaii, mita 3.6 | 0.95–2.3 | 2019 | Mai yawa | Wuya | Layukan iska, yawan aiki |
| NIRPS | Chile, mita 3.6 | 0.98–1.8 | 2023 | Matsakaici | Matsakaici | Gajeren tarihi |
| HPF | Texas, mita 10 | 0.81–1.28 | 2018 | Kaɗan, in tebur ne | Ya dogara da samun bayanai | Ramukan lokaci |
| IRD | Hawaii, mita 8.2 | 0.95–1.73 | 2018 | Mai yawa | Wuya | Tacewa da kanka |

Wa ya dace da wace

In aikin shekarar ƙarshe ne, zango ɗaya ko biyu kake da shi, ka ɗauki CARMENES ba tare da dogon tunani ba. Zaɓi tauraro ɗaya da aka san duniyarsa, ka sake gano ta da hannunka ta hanyar jadawalin maimaituwa na Lomb-Scargle, ka daidaita kewayenta da manhajar RadVel, ka fitar da mafi ƙarancin nauyinta. Ka lura da "mafi ƙaranci": wannan hanya ba ta nuna yadda kewayen ya karkata, don haka nauyin gaskiya na iya fin haka, kuma masu jarrabawa na son yin wannan tambaya ranar kare kundi.

In digiri na biyu ne kana son abin da za a iya bugawa, tambayar "duniya ce ko tabo" ta fi neman sabuwar duniya riba, domin ko amsar ta zama a'a, sakamako ne. Nan NIRPS da HARPS suka fi, saboda kallo ɗaya ne a launi biyu. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi na iya yin irin wannan gwaji da ma'aunin launi da SERVAL ke fitarwa a teburan CARMENES, wanda ke nuna ko gudun na sauyawa daga wannan launi zuwa wancan.

In maganaɗisu ne ya ja hankalinka, ko matasan taurari da ke cikin ƙura, SPIRou ce, amma ka fara samun mai duba aiki na biyu da ya taɓa riƙe bayananta. Wasiƙar imel gajera, wadda ta nuna ka riga ka karanta aikin mutum ka kuma gwada wani abu, ta fi doguwar gaisuwa samun amsa.

In mafi sanyin taurari kake so, irin su TRAPPIST-1, manyan madubai ne ke kai wa gare su, wato HPF da IRD. Ka bincika rumbun VizieR na Strasbourg tukuna ka ga ko akwai teburin tauraron da kake nufi da isassun awo. In babu, ka sauya tauraro tun kafin sashe ya amince da taken aikinka, domin sauya take daga baya kan ci zango guda.

Sai sashen da ya samu ɗan kuɗin bincike yake tunanin sayen tasa na'urar. Ta infared mai daidaiton mita ba ta cikin lissafi: ban da tsada, tana son sanyi da wuta ba yankewa, ga Sakkwato na wajen mita 300 ne sama da teku, damina da laima, hunturu da hazo. Abin da zai yiwu shi ne ƙaramin madubi da ƙaramar na'urar tsefe hasken gani, irin wadda masu sha'awar taurari ke amfani da ita a Turai. Da ita ɗalibai za su auna taurari tagwaye masu kewaya juna da gudun gomman kilomita a daƙiƙa, su koyi daidaitawa da fitila da cire gudun duniyarmu, a dararen ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko.